Daga Nuremberg Zuwa Dakar: Yadda Shari'a Ta Fara Hawa Kan Masu Mulki

Ran 30 ga watan Mayu, 2016, a babban ɗakin shari'a na birnin Dakar, wani alƙali mutumin Burkina Faso mai suna Gberdao Gustave Kam ya karanta hukuncin ɗaurin rai-da-rai a kan Hissène Habré, wanda ya mulki ƙasar Chadi daga 1982 zuwa 1990. Habré yana zaune cikin farar riga da farin rawani, ya yi amawali, ya rufe idanunsa da baƙin tabarau, kamar yadda ya zauna tun farkon shari'ar bai amsa wa alƙalai tambaya ko ɗaya ba. A bayansa kuwa akwai maza da mata, da yawansu tsufa ya kama su, waɗanda suka shekara ashirin da biyar suna jiran wannan rana. Shi ne karo na farko da kotu a wata ƙasa ta hukunta tsohon shugaban wata ƙasar dabam saboda zaluntar jama'arsa. Kafin a kai ga wannan rana, tunanin da ya haife ta ya yi tafiyar kusan shekara ɗari yana tashi yana faɗuwa, kuma har yanzu bai gama samun gindin zama ba.

Ƙa'idar da ƙasashen Turai suka gina hulɗarsu a kanta tun ƙarni na 17 ita ce kowace daula ita ke da iko a cikin iyakarta, kuma babu sarkin da ke da hurumin yi wa sarki ɗan'uwansa shari'a. Dokokin tsakanin ƙasashe da dauloli suke magana. In daula ta yi ɓarna sai a ci ta tara, ko a yanki wani sashe na ƙasarta, amma mutumin da ya ba da umurnin ɓarnar ba mai taɓa shi. Wannan tsari ya bar wata ƙofa mai faɗi, watau na sama ya ce aikin daula ya yi, na ƙasa ya ce umurni ya bi, sai alhaki ya ɓace a tsakani, a wayi gari an kashe dubbai amma ba wanda ya yi kisa. Tun a 1872 Gustave Moynier, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar agaji ta Red Cross, ya ba da shawarar a kafa kotu ta dindindin don toshe wannan ƙofa, bayan abin da ya gani a yaƙin Faransa da Jamusawa. Ba gwamnatin da ta saurare shi.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya kai maganar gaban masu mulki. A watan Mayu na 1915 Faransa da Ingila da Rasha suka yi shelar cewa za su kama jami'an Daular Usmaniyya ta Turkiyya da alhakin kisan Armeniyawa, kuma a cikin wannan shela ne gwamnatoci suka fara furta lafazin laifi a kan bil'adama. Yarjejeniyar Versailles ta 1919, a sashe na 227, ta tanadi a gurfanar da Sarkin Jamus Wilhelm na II. Amma Sarkin ya riga ya tsere Holan, Holan kuwa ta ƙi ba da shi, a can ya zauna yana saran itace a gidansa na Doorn har ya mutu a 1941. Sunaye kusan 900 da aka miƙa wa Jamus aka rage su zuwa 45, aka bar wa kotun Jamus ta birnin Leipzig ta yi shari'ar a 1921, kuma ɗaurin da ya fi tsawo a cikin hukunce-hukuncenta shekara huɗu ne. Maganar Armeniyawa kuwa a Lausanne aka binne ta a 1923, aka rufe ta da afuwa.

Da wannan darasi a zuciya ƙasashen da suka ci Yaƙin Duniya na Biyu suka ƙi bar wa Jamus shari'ar 'ya'yanta. Da farko ma ra'ayin Churchill shi ne a harbe manyan 'yan Nazi ba tare da wata shari'a ba, sai Amurka ta dage a kan a kafa kotu. Ran 8 ga Agusta, 1945, Amurka da Ingila da Faransa da Tarayyar Sobiyet suka sa hannu a kan yarjejeniyar Landan, wadda ta ambaci laifuffuka iri uku: ƙulla yaƙin zalunci, da laifuffukan yaƙi, da cin zarafin bil'adama. Abin da ya fi waɗannan muhimmanci shi ne sassa biyu gajeru, na 7 da na 8, waɗanda suka ce muƙami ba ya kare mai laifi ko da shugaban ƙasa ne, kuma bin umurnin na gaba ba ya wanke shi, sai dai ya sassauta masa hukunci. An buɗe kotun a Nuremberg ran 20 ga Nuwamba, 1945, aka yanke hukunci ran 1 ga Oktoba, 1946. Mutum 24 aka tuhuma, aka yi wa 22 shari'a, ɗaya a bayan idonsa. An yanke wa 12 hukuncin kisa, uku ɗaurin rai-da-rai, huɗu ɗaurin shekara 10 zuwa 20, aka sallami uku. Wannan sallama ta mutum uku ita ta nuna cewa lalle alƙalan sun auna shaida. Shaidar kuwa galibinta daga takardun Jamusawan ne da kansu, domin gwamnati ce mai son rubutu, ba ta kashe mutum sai ta sa shi a lissafi.

Amma fa laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hango na wani. Kwana biyu kafin sa hannu a Landan aka jefa bom ɗin nukiliya a Hiroshima, kashegarin sa hannun aka jefa a Nagasaki. Masu gabatar da ƙara na Sobiyet sun ɗora wa Jamusawa kisan hafsoshin Folan a dajin Katyn, alhali jami'an Stalin ne suka aikata shi a 1940, abin da Mosko ba ta amsa ba sai a 1990. Alƙalan dai suka yi shiru a kan wannan tuhuma. Faransa ta hau kujerar alƙalanci watanni kaɗan bayan sojojinta sun kashe dubban Aljeriyawa a yankin Sétif, kisan da ya fara ran 8 ga Mayu, 1945, ranar da Turai ke bikin nasara, da kuma bayan harbin da aka yi wa sojojin Afirka ta Yamma a sansanin Thiaroye, kusa da Dakar, ran 1 ga Disamba, 1944, saboda sun nemi a biya su bashin albashinsu. Ba banza ba aka ɗaure laifin cin zarafin bil'adama da sharaɗin sai in ya danganci yaƙi. Robert Jackson, babban lauyan Amurka, ya faɗa a zaman Landan cewa ƙasarsa ma tana da nata abin kunyar game da tsirarun jama'a, sharaɗin kuwa shi ya kange mulkin mallaka da wariyar launin fata daga idon kotu. A Tokyo, inda aka yi shari'a daga 1946 zuwa 1948 aka rataye mutum bakwai, ba a ko tuhumi Sarki Hirohito ba, don Amurka tana bukatarsa. Alƙali Radhabinod Pal na Indiya ya saɓa wa sauran, ya ce a sallami kowa, hujjarsa ita ce masu mallakar ƙasashen wasu ba su da bakin hukunta wanda ya yi koyi da su. Hukuncin nasa ya yi wa sojojin Japan sassaucin da bai dace da abin da suka aikata a Nanjing ba, amma tambayar da ya ɗora ba a amsa ta ba har yau.

Masu nazarin harshe suna da rabo na musamman a wannan tarihi. A Nuremberg an yi aiki da tafinta na nan-take a babban zama, da harsuna huɗu, watau Ingilishi da Faransanci da Rashanci da Jamusanci, mai magana yana yi tafinta na bin sa ta cikin na'urar kunne. Sa'an nan kuma akwai laifin da ba shi da suna sai da aka ƙera masa. Raphael Lemkin, lauya Bayahude mutumin Folan wanda ya rasa danginsa da yawa a hannun 'yan Nazi, shi ya haɗa kalmar Girkanci mai nufin dangi ko ƙabila da ta Latin mai nufin kisa a 1944, ya yi ta bin wakilan ƙasashe har Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar hana wannan laifi ran 9 ga Disamba, 1948. A Hausa akan cuɗa «kisan kiyashi» da «kisan ƙare dangi» kamar abu ɗaya ne, amma a shari'a sun bambanta ƙwarai. Na farko yawan gawa yake nunawa, na biyu kuwa niyya, kuma niyyar shafe wata al'umma, dukkanta ko wani sashe nata, ita ce ginshiƙin laifin da Lemkin ya raɗa wa suna. Ta wannan fuska lafazin Hausa ya fi na Turawa fito da ma'anar fili. Lemkin ya so a haɗa da kashe harshe da al'adun al'umma, amma ƙasashe da dama, ciki har da masu mulkin mallaka, suka sa aka cire.

Yarjejeniyar 1948 ta ambaci wata kotun duniya da za a kafa nan gaba, aka ma rubuta daftarinta a 1951 da 1953, sai yaƙin cacar baka ya daskarar da kome. Shekara arba'in kowane azzalumi yana da uban gida, a Washinton ko a Mosko. Isra'ila ta yi wa Adolf Eichmann shari'a a 1961, Afirka ta Tsakiya ta yi wa Bokassa a 1987, amma waɗannan kotunan gida ne. Idi Amin a Jidda ya mutu a 2003, Pol Pot ya mutu a daji a 1998, ba wanda ya ga alƙalin duniya.

Rushewar Yugoslabiya da bala'in Ruwanda su suka ta da maganar daga barci. Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya kafa kotun Yugoslabiya a watan Mayu na 1993, kuma cikin alƙalanta na farko akwai ɗan Nijeriya, Adolphus Karibi-Whyte. Ta tuhumi mutum 161 kafin a rufe ta a 2017. Sai dai wanda ke ganin kafa kotu kaɗai ya isa ya tsorata makasa, ya tuna cewa kisan maza da yara kimanin 8,000 na Musulmin Bosniya a Srebrenica ya auku ne a Yuli na 1995, kotun tana da shekara biyu. Kotun Ruwanda, wadda aka kafa a Nuwamba na 1994 ta zauna a Arusha, ita ta fara samun wani da laifin kisan ƙare dangi, watau Jean-Paul Akayesu, magajin garin Taba, ran 2 ga Satumba, 1998, kuma a wannan hukunci ne aka tabbatar cewa fyaɗe na iya zama makamin ƙare dangi. Shari'ar ta rataya a kan ma'anar kalmomi har sai da aka kira masanin harshe, Mathias Ruzindana, ya bayyana wa alƙalai abin da mai jin Kinyarwanda ke fahimta in an ce inyenzi, watau kyankyasai, da irin sakayar da mata ke yi in za su ambaci fyaɗe. A bakin masu zuga jama'a a 1994 kalmar «aiki» ma kisa take nufi. Aibin kotun Arusha irin na Nuremberg ne: ba ta gurfanar da ko mutum ɗaya daga ɓangaren da ya ci yaƙi ba.

Ran 17 ga Yuli, 1998, a birnin Rum, ƙasashe 120 suka amince da dokar kafa Kotun Hukunta Manyan Laifuffuka ta Duniya, bakwai suka ƙi, 21 suka ƙaurace. Ya kamata a tuna cewa Afirka tana kan gaba a wannan aiki. Senegal ce ƙasa ta farko a duniya da ta tabbatar da dokar, a Fabrairu na 1999. Gana ta bi a ƙarshen wannan shekara, Nijeriya a Satumba na 2001, Nijar kuwa tana cikin ƙasashe goma da suka miƙa takardunsu tare ran 11 ga Afrilu, 2002, suka cika adadin 60 da ake bukata, kotun ta fara aiki ran 1 ga Yuli. An gina ta a kan cewa haƙƙin shari'a na kotunan gida ne tukuna, ita sai in gida ya ƙi ko ya kāsa. Ba ta da ɗan sanda ko ɗaya, duk wanda za ta kama sai wata gwamnati ta kama mata. Sa'an nan an ba Kwamitin Sulhu ikon tura mata ƙarar ƙasar da ba ta cikinta, alhali uku daga cikin masu kujerar dindindin a kwamitin, Amurka da Rasha da Sin, su kansu ba su cikinta. Da wannan iko aka tura mata Darfur a 2005 da Libiya a 2011, da shi kuma Rasha da Sin suka hau kujerar na-ƙi a kan Siriya a 2014.

Daga nan rigimar kotun da shugabannin Afirka ta samo asali. Har zuwa Janairu na 2016, lokacin da ta buɗe bincike a Jojiya, duk binciken da take yi a Afirka yake. Gaskiya ne Yuganda da Kwango da Afirka ta Tsakiya da Mali su suka kira ta da kansu, amma wannan ma abin dubawa ne, domin gwamnati ba ta kiran alƙali sai in ta tabbata abokin gabarta zai kama. Da kotun ta ba da sammacin kama Shugaba Umar al-Bashir na Sudan a Maris na 2009, sai Tarayyar Afirka ta yanke a taronta na Sirte cewa ba za ta ba da haɗin kai ba. Al-Bashir ya zo Abuja a Yuli na 2013, ya bar garin kafin a tashi taro da aka fara maganar kai ƙara kotu. Haka ya yi a Afirka ta Kudu a 2015. Ƙarar Uhuru Kenyatta ta watse a 2014, aka sallami Jean-Pierre Bemba a 2018 da Laurent Gbagbo a 2019, bayan kowannensu ya shafe shekaru a tsare. A Malabo a 2014 shugabannin Afirka suka tsara tasu kotun, suka sa mata sashen da ya hana ta taɓa shugaba mai ci, wanda ya nuna ainihin abin da ke damunsu. Game da Nijeriya, mai gabatar da ƙara Fatou Bensouda ta bayyana a Disamba na 2020, bayan nazarin shekara goma, cewa akwai dalilin yarda Boko Haram da jami'an tsaro duka sun aikata laifuffukan da suka kai a buɗe bincike, amma shekaru suka shuɗe ba a buɗe shi ba.

Duk da haka akwai abubuwan da suka tabbata. Charles Taylor na Laberiya, wanda Nijeriya ta ba mafaka a Kalaba a 2003, an kama shi a Gamboru a kan iyakar Kamaru ran 29 ga Maris, 2006, kotun musamman ta Saliyo ta ɗaure shi shekara 50 a 2012. A 2015 Nijar ta miƙa Ahmad al-Faƙi al-Mahdi, wanda ya jagoranci rushe hubbarorin waliyyai tara da ƙofar masallacin Sidi Yahaya a Tambutu a 2012. Ya amsa laifinsa, aka ɗaure shi shekara tara a 2016, watau abin da aka cire daga hannun Lemkin a 1948 ya ɗan dawo ta wata ƙofar.

Shari'ar Habré ta bi wata hanya dabam da duk waɗannan, kuma shi ya sa ta cancanci a tsaya a kanta. Habré ya yi mulki da goyon bayan Amurka da Faransa, waɗanda suka ɗauke shi garkuwa a kan Gaddafi, har Shugaba Reagan ya karɓe shi a fadarsa a 1987. Makaminsa a cikin gida shi ne hukumar 'yan sandan ciki da aka sani da DDS, wadda ke kai rahoto gare shi kai tsaye. Mafi munin gidajen yarinta wani wurin ninƙaya ne na zamanin Turawa a Injamena, aka rufe samansa da kankare aka yanka shi ɗaki-ɗaki. An bi mutanen kudu a 1984, aka bi Hajarai a 1987, aka bi Zagawa a 1989. Da Idris Debi ya kore shi a Disamba na 1990, sai ya bi ta Kamaru ya sauka Dakar da dukiya mai yawa, ya yi abokai cikin malamai da manyan gari. Hukumar binciken da sabuwar gwamnati ta kafa ta ƙiyasta a 1992 cewa an kashe mutum 40,000, aka ajiye rahoton ba a yi kome da shi ba.

Wanda ya hana maganar mutuwa wani akawun kuɗi ne na Hukumar Tafkin Chadi, Souleymane Guengueng, wanda aka kama a 1988. A kurkuku ya yi wa Allah alkawari in ya fita da rai zai nemi haƙƙin waɗanda suka mutu a gabansa. Da ya fita sai ya bi gida-gida ya tattara bayanan mutum 792 ya ɓoye. Kama Janar Pinochet na Chile da aka yi a Landan a 1998 ya nuna musu hanya, watau ƙa'idar da ta ce akwai laifuffukan da kowace ƙasa ke da hurumin hukuntawa ko a ina aka aikata su. A Janairu na 2000 suka kai ƙara Dakar, alƙali ya tuhumi Habré, amma kotunan sama suka ce Senegal ba ta da hurumi. A 2001 ma'aikatan ƙungiyar Human Rights Watch suka shiga tsohon ofishin DDS suka tarar da takardu zube a ƙasa, ƙura ta rufe su, ciki akwai sunayen mutum 1,208 da suka mutu da 12,321 da aka zalunta. Ashe wannan ma gwamnati ce mai son rubutu. A cikin takardun har da rahoto a kan Rose Lokissim, wadda ke rubuta sunayen matattu tana fitar da su a asirce, aka kashe ta a 1986. A shekarar nan ta 2001 aka jefa wa lauyarsu Jacqueline Moudeïna gurneti a Injamena, ta warke ta koma bakin aiki.

Sauran labarin na jan ƙafa ne. Beljiyam ta nemi a ba ta shi a 2005, Tarayyar Afirka ta ce a 2006 Senegal ta yi masa shari'a da sunan Afirka, gwamnatin Abdullahi Wad ta yi ta maganar kuɗi, kotun ECOWAS da ke Abuja ta ce a 2010 sai dai a kafa kotu ta musamman. Sai ran 20 ga Yuli, 2012, Kotun Duniya ta Hague ta yanke cewa wajibi ne Senegal ta gurfanar da shi ba tare da ɓata lokaci ba ko ta miƙa shi, hukuncin kuma ya tarar da sabon shugaba, Macky Sall. Aka kafa kotun a cikin tsarin shari'ar Senegal da yarjejeniyar Tarayyar Afirka, aka fara zama a Yuli na 2015, shaidu 93 suka yi magana. Khadija Hassan Zidane ta tsaya gaban Habré ta ce shi da kansa ya yi mata fyaɗe. Kotun farko ta gaskata ta. Kotun ɗaukaka ƙara, a Afrilu na 2017, ta soke wannan sashe kaɗai saboda ba ya cikin takardar tuhuma tun asali, ta tabbatar da sauran hukuncin. Dukkan aikin bai ci ko kashi ɗaya cikin goma na abin da kotun Hague ke kashewa a shekara guda ba. Amma nan ma akwai giɓi, domin Idris Debi, wanda shi ne babban hafsan sojan Habré a 1984, ba wanda ya tambaye shi kome.

Ina aka dosa ke nan? Kotun Hague ta amsa zargin cewa Afirka kaɗai take gani, ta ba da sammacin kama Vladimir Putin a Maris na 2023, da na Benjamin Netanyahu a Nuwamba na 2024, aka kuma kai mata Rodrigo Duterte na Filifin a Maris na 2025. Sai ya bayyana cewa da yawa daga masu yaba mata suna yi ne muddin ba ta taɓa nasu ba. Mongoliya ta karɓi Putin a 2024, Hangari ta karɓi Netanyahu a 2025, dukkansu suna cikin kotun a lokacin, ba wadda ta kama baƙonta. Amurka, wadda ta yi maraba da sammacin Putin, ta sa wa mai gabatar da ƙara takunkumi a Fabrairu na 2025, ta bi da alƙalai a watan Yuni, ciki har da Solomy Bossa ta Yuganda da Reine Alapini-Gansou ta Benin. A Satumba na 2025 kuma Nijar da Mali da Burkina Faso suka yi shelar ficewa, suna kiran kotun makamin sabon mulkin mallaka. Ficewa ba ta shafe abin da aka aikata kafinta, amma tana rufe wa talakan Sahel wata ƙofa a lokacin da ake kashe shi ta ko'ina. A cikin wannan hali ne kotun ta samu Ali Kushayb, jagoran Janjawid, da laifi a Oktoba na 2025, hukunci na farko a kan Darfur, bayan shekara ashirin da tura ƙarar, kuma a lokacin da ake sabon kisa a wannan yanki.

Alamu sun fi nuna cewa nauyin zai koma kan kotunan gida da na yanki, irin ta Dakar. Wata kotu a Jamus ta ɗaure wani hafsan leƙen asirin Siriya rai-da-rai a 2022, Suwizalan ta ɗaure Ousman Sonko, tsohon ministan cikin gida na Gambiya, shekara 20 a 2024, kuma a Disamba na wannan shekara shugabannin ECOWAS suka amince a Abuja a kafa kotu ta musamman don laifuffukan zamanin Yahaya Jammeh. Amfanin irin waɗannan kotuna shi ne arha da kusanci, mai ƙara yana iya zuwa ya ji da kunnensa. Rauninsu kuwa Gini ta nuna shi: kotun Konakiri ta ɗaure Musa Dadis Kamara shekara 20 a Yuli na 2024 saboda kisan filin wasa na 2009, bai cika wata takwas ba shugaban soja ya yi masa afuwa. A gefe guda kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsai da 2028 da 2029 don taron rubuta yarjejeniya a kan cin zarafin bil'adama, laifin da aka ambata a Landan tun 1945 amma har yanzu ba shi da yarjejeniyar kansa.

Kotun Dakar ta yanke a biya mutum 7,396 diyyar sefa biliyan 82, aka ɗora wa wani asusu na Tarayyar Afirka neman kuɗin. Habré ya mutu a Dakar ran 24 ga Agusta, 2021, bai biya kowa ko sisi ba. Sai a 2024 gwamnatin Chadi ta fara raba sefa biliyan 10, kowane mutum ya samu abin da bai kai miliyan ɗaya ba, kuma da yawa daga cikin waɗanda sunayensu ke cikin takardar, magadansu ne suka je karɓa.